Amsoshin Tambayoyinku: Kayan wasan kwaikwayo sun yi wuya, da me zamu haɗa namu?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka, ga mu kuma a filin amsoshin tambayoyinku. Yau maganar kayan wasan kwaikwayo ce, tufafin da 'yan wasa ke sawa da su takobi da garkuwa da gemun ƙarya da sauran tarkace, don tunda muka sanar wancan makon saƙonni suke ta shigowa daga garuruwanmu na nan Sudan, Mai Wurno, Gadarif, Kasala, Damazin, Sinja, har da 'yan uwanmu dake Jidda da Makka. Kuma kusan duk kukan ɗaya ne, wai kayan da ake gani a bidiyon YouTube babu su a kasuwa, in ma an samu kuɗin ba na talaka bane, tunda yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 hanyar da kaya ke bi daga Kartum da kasuwar Omdurman duk ta rikice. Ina tare da Baba usta, tsohon tela da ya daɗe yana ɗinka wa 'yan wasa kaya, sai kuma Malama dake koyar da zane da aikin hannu a makarantar 'yan mata. Lokaci kaɗan ne wasiƙu kuma ga su nan jibge, don haka Baba don Allah yau a taƙaita mana.

Baba: In Allah ya yarda ɗana, ai ni ban cika surutu ba.

Mai gabatarwa: Masu saurare ku ne shaida, ya faɗa da bakinsa. Toh ta farko daga wani ɗalibi a Kasala, yace suna da wasa wanda za'a soki mutum a ciki, da me zasu yi jinin ƙarya? Malama.

Malama: Karkade mana, zoɓonmu. Ka jiƙa shi da yawa a ruwa kaɗan yayi kauri sosai, ka dafa da sukari har ya fara danƙo, sai ka ɗiga ɗan gahawa ko koko don yayi duhu, jini na gaske ba ja fayau bane. In kaga ya koma shuɗi-shuɗi to ya haɗu da sabulu ko kanwa ne, matsa masa lemun tsami zai dawo ja. Kuma yana kama farin yadi, kada a zuba a jallabiyar aro.

Mai gabatarwa: Kaji ko, kada ka zuba a jallabiyar babanka ta Juma'a ka jawo mana. Ta biyu, wata 'yar uwa daga Sinja tace zata fito a matsayin matalauciya amma duk yadin da ta samu sabo ne fil. Wannan ni ma zan iya amsawa, ki tsoma shi a baƙin shayi mai ƙarfi ya kwana, ki shanya, ki goga gefensa a dutse ya ɗan zare, shikenan kin talauce.

Yanzu ga wadda ta fi yawa, wallahi kusan rabin wasiƙun nan a kanta suke, maganar gam. Wani malami daga Gadarif ya rubuta, wata uwa daga Damazin ta rubuta, samari masu ƙungiyar wasa sun rubuta, duk suna cewa a bidiyo komai da bindigar gam ɗin nan ake liƙa shi, mai sanda kamar kyandir da ake jonawa a wuta, su kuma basu da bindigar, basu da sandar, wutar ma sai ta ga dama take zuwa. Malama a nan ki bi a hankali don mutane na rubutawa.

Malama: To abu na farko da nake so mutane su gane, ba gam ɗaya ke liƙe komai ba, sai ka fara tambayar kanka me zan liƙa da me. In takarda ce da kwali, wato fuskar ƙarya, kwalkwali, garkuwa, kan dabba, duwatsun ƙarya, babu abinda ya kai kokon fulawa. Kofi ɗaya na fulawar alkama, kofi huɗu zuwa biyar na ruwa. Ki fara dama fulawar da ruwan sanyi kada tayi gudaji, sannan ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa har kiga ta daina fari ta fara sheƙi, sai ki sauke ta huce. Ki zuba gishiri cokali ɗaya da ɗan dakakken kanumfari saboda fumfuna. In da sitacin rogo, bafra ɗin nan, ya ma fi fulawa riƙo kuma yafi bushewa garau. Garin dawa zai yi in babu yadda za'a yi amma yana da tsaki, sai an tankaɗe shi sosai.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don na baya. Fulawa ɗaya, ruwa huɗu zuwa biyar, a dama da ruwan sanyi tukuna, a dafa, gishiri da kanumfari. Fulawa ɗaya, ruwa huɗu zuwa biyar. Ci gaba Malama.

Malama: Sai takardar. Jarida tayi wuya yanzu, amma takardar buhun siminti ta fi ta nesa ba kusa ba, ki cire ta cikin mai ƙurar siminti ki yar, ki ɗauki ta tsakiya, ki jiƙa ta ki murtsuke tayi laushi, ki yayyaga da hannu kada ki yanka da almakashi don gefen da aka yaga yafi lafewa. Ki shafa koko ki liƙa, layi ɗaya a tsaye na biyu a kwance, haka har layi biyar ko shida, amma kowane layi biyu ki bari ya bushe. Mutane gaggawa ce ke kashe musu aiki, su lafta duka rana ɗaya, waje ya bushe ciki na jiƙe, bayan kwana kaɗan sai wari. In ya bushe da kyau ki ƙwanƙwasa zaki ji yana amo kamar katako.

Na biyu ƙaro, samug ɗin nan da muke takawa a kasuwa. Sudan ce ta fi kowace ƙasa a duniya fitar da shi, ana kwasa daga Kordofan ana kaiwa Turai da Amurka ana sawa a lemon kwalba da alewa da magunguna, har fentin ruwa da masu zane ke saya da tsada a ƙananan kwalaye da ƙaro ake haɗa shi, mu kuma muna zaune muna cewa bamu da fenti. Ƙaro awo ɗaya ruwa awo biyu, ya kwana a jiƙe, ki tace da ƙyalle. Na hashab, wato na dakwara, yafi na talha tsabta da ƙarfi. Ki ɗiga zuma ko ruwan sukari kaɗan don kada ya tsattsage in ya bushe. Wannan ruwan shine gam ɗinki na takarda da fuka-fukai da ƙyalƙyali, kuma shine uwar fentinki: ki zuba baƙin tukunya ki samu baƙi, yadda almajirai ke haɗa tawadar allo a tsangaya tun kaka da kakanni, jar ƙasa mai laushi ta baki ja, alli ko farar ƙasa fari, bular wanki shuɗi, kurkum rawaya duk da shi rana na cinye shi da wuri. Aibin ƙaro ɗaya ne, baya son laima. Malamin Gadarif ya kula, da damina in iska ta jiƙe abin zai yi danƙo, gumi ma yana narkar da shi.

Mai gabatarwa: Ƙaro ɗaya, ruwa biyu, ya kwana, a tace. To roba fa da fata da takalmi? Baba wannan fagenku ne.

Baba: To ai ɗana mu a da bamu san wata bindiga ba. Kafintocin da na tashi na gani a Wad Madani, guntayen fata suke karɓowa wajen majema, ƙirgin da aka datse aka zubar, a wanke a jiƙa kwana biyu, a sa a gwangwani, gwangwanin a sa cikin tukunyar ruwan zafi, ba'a bari ya tafasa da ƙarfi, yini guda yana narkewa, sai a tace. Da ɗuminsa ake shafawa a katako a ɗaure da igiya. Wari gareshi kam, maƙwabta sai sun yi magana, amma kujerar da aka haɗa da shi sai dai katakon ya karye. Lokacin nan auduga ce ko'ina, gandun noman Jazira yana kan ganiyarsa, madatsar Sinnar ai tun 1925 aka gama ta ba'a ma haife ni ba, iyayenmu da yawa tsinkar audugar nan ce ta zaunar dasu a hanyarsu ta zuwa Makka, wani yazo da niyyar shekara ɗaya sai gashi da jikoki, damur kuwa, yadin audugar nan, a lokacin arha kamar me, masaƙa ke saƙa shi da hannu, in ka wanke shi sau biyu...

Mai gabatarwa: Baba roba, roba muka tambaya.

Baba: Ai can zani. Roba dai a ɗinke ta. Basilla da zaren nailan irin na masu gyaran takalmi, babu gam ɗin da ya kai ɗinki. In kuma dole sai an liƙa to sholisho na masu faci, wanda a nan ake cewa silisiyon, a shafa gefe biyun duka, a jira har in ka taɓa baya bin yatsa, sannan a haɗa a danne. Yara kan shafa su haɗa nan take suce baya kamawa.

Mai gabatarwa: Amma ina roƙo, sholisho babba ne zai riƙe shi, a fili inda iska ke kaɗawa, kada a ba yara gwangwanin su tafi da shi, duk mun san abinda shaƙarsa ke yiwa yaran titi. Kuma akwai wanda ya rubuto yana alfahari wai ya gano gam na kyauta, yana narka fallin, farin soson nan na cikin kwalin firji, a cikin fetur. Ɗan uwa yana liƙewa kam, amma ka tara yara a aji da kwanon fetur a gari mai zafi irin namu, ga mai shayi da gawayinta a bakin ƙofa, haba don Allah. A daina.

Malama: Tunda an ambaci fallin, yana da kyau wajen yin dutse ko bango amma kada a fesa masa fentin feshi kai tsaye, cinye shi yake ya rarake. A fara rufe shi da takarda da koko layi biyu sannan a yi fenti. Kuma duk abinda aka yi da kokon fulawa a rataye shi sama, ɓera da kyankyaso da gara abinci suke gani.

Mai gabatarwa: Madalla. Ga wata doguwar wasiƙa daga wani malamin makaranta a Mai Wurno, ni dai ta burge ni. Yace ɗalibansa zasu yi wasa akan hijirar Sarkin Musulmi Attahiru, tun fitowarsa daga Sakkwato har yaƙin Burmi a 1903 inda ya rasu, da yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci sauran jama'a suka yo gabas har suka sauka a bakin kogin Nilu aka kafa garin da ake kira da sunansa. Yace yana buƙatar sulke, lifidi, kwalkwali, takubba, garkuwa da hular Bature, kuma a bidiyo duk da wani soson roba da ake cewa fom ake yinsu, shi kuma ko ganinsa bai taɓa yi ba. Malam kayi tunani, yaranmu da yawa basu san ta inda kakanninsu suka fito ba. Baba bismillah.

Baba: Lifidi ai shi yafi komai sauƙi, don na gaskiyar ma yadi ne aka cusa wa audugar rimi aka bi shi da ɗinki gida-gida, doki ya sa mahayi ya sa. Ya samu tsohon bargo ko buhun gara, ya sa tsakanin yadi biyu, ya ɗinka layi-layi a karkace su gitta juna. In yana son ado ya yanka ƙyallaye ja da rawaya da shuɗi ya jera a sama, kowane tela na da buhun ƙyalle da yake neman mai kwashewa. Sai dai kada ya cika kauri, yaro zai suma da zafi kafin a kai Burmi.

Mai gabatarwa: Sulke fa?

Baba: Sulke na gaske na gani da idona a gidan Halifa a Omdurman wajen kayan tarihin Mahadi, zobban ƙarfe ne ƙanana aka sarƙa, in ka ɗaga shi sai ka yi nishi, mutanen da ƙarfi garesu ba irin na yanzu masu shan lemon kwalba ba...

Malama: Baba bari in taimaka. Malam ya je bakin ruwa wajen masuntanmu ya roƙi tsohuwar koma mai ƙananan idanu wadda ta yage, ko buhun raga irin na lemo. Ya ninka biyu, ya ɗinka akan baƙar riga, sai ya samu fentin azurfa irin na kwanon rufi, ya tsoma soso ya matse sosai har kamar babu fenti a jiki, ya dinga dangwalawa sama-sama. Baƙin dake ƙasa da farin dake sama su ke yaudarar ido. Mai kallo yana zaune nesa ne a tabarma, ba zai zo ya ƙirga zobba ba. Wannan nake yawan faɗa wa ɗalibaina, duk abinda kika haɗa ki aje shi ki ja baya taku goma sha biyar ki duba, in yayi daga can to ya yi. Masu bidiyon nan kyamara suke wa aiki, tana shigowa har kan ɗinki, ku kuwa filin makaranta zaku yi.

Mai gabatarwa: Wannan magana ce, a ja baya a duba. Kwalkwali?

Malama: Ƙwarya daidai kan yaro, a liƙa mata takardar siminti a yi fenti, a huda gefe biyu a sa igiyar haɓa, a naɗa rawani a gindinta, a soka gashin zakara ko na talotalo a sama madadin na jimina. Hular Baturen ma ƙwarya ce, a yanka mata baki da kwali gaba da baya su ɗan sauko, a rufe da yadin kaki. Kuma Malam kada ya wahalar da kansa da yin ta da yawa, Turawan 'yan kaɗan ne, su ne hafsoshi, yawancin sojojin da suka yi yaƙin baƙaƙe ne 'yan ƙasa, su jar dara aka sansu da ita, kwali ne kawai a naɗe a rufe da jan yadi. Garkuwa kuma tsohon faifai, tabag babba, takarda layi huɗu a kai, a shafa mata man takalmi ruwan ƙasa a goge, sai ka rantse fata ce.

Shi kuma fom ɗin da yake nema yana ƙafarsa bai sani ba, dangin robar silifas ne, safinja. A tara tsofaffi a wanke, a yanka da wuƙa mai kaifi a goge da samfefa, da ita ake yin marikin takobi da ado a jikin garkuwa.

Baba: Takobi kuwa kada wani ya ɗauko na gado daga ɗaka, ko ya sayo na maƙeran Kasala wai don ya fi kyau, yara in wasa yayi daɗi mantawa suke. A tsaga gora, gana ɗin nan na wajen Damazin, a fere siriri, a sa tsakanin kwali biyu a liƙe. Goran ya tsaya kamar yatsu uku kafin tsini, tsinin ya zama kwali zalla don in ya soki mutum ya lanƙwashe. Takobinmu miƙaƙƙe ne mai baki biyu, ba lanƙwasashshe irin na fim ba, a kula da wannan.

Malama: Sheƙin ƙarfe kuma, ko a liƙa cikin ledar madarar gari ko ta biskit mai ruwan azurfa, ko a yi baƙin fenti a kankare bakin fensir a goga garin da yatsa. Na fensir yafi kama da tsohon ƙarfe.

Mai gabatarwa: Ni kuma ga nawa ra'ayin Malam, bakai tambaya ba amma zan faɗa. Tutar da zaku yi kada a rubuta mata aya ko sunan Allah, don a wasan dole zata faɗi ƙasa yara su tattaka. Farin damur a sanda ya wadatar, kowa zai gane. Kuma in ranar ta zo a aiko mana gayyata, ba'a shan shawara kyauta a hana mu agashe.

Lokaci na gudu. Wani saurayi daga Gadarif yace shi ake ba sarki kullum amma gemunsa ya ƙi fitowa, haƙuri ɗan uwa zai zo, yace da me zai liƙa na ƙarya, ya gwada ƙaro yana cikin jawabi gemun ya faɗo.

Baba: Ai gumi ne ya narkar da shi. Kada ya liƙa komai. Ya yanka baƙin ƙyalle daidai haɓarsa, ya ɗinka gashin tunkiya wankakke a kai, ko zaren buhun gara da aka warware aka taje, ko ɓawon kuka da aka daka ya zama zare, ya sa lastik ya zagaya bayan kunne, rawani ya rufe lastik ɗin. In baƙi yake so ya jiƙa bagaruwa, garad, da tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa kwana uku ya tsoma, irin baƙin da dukawa ke yiwa fata kenan.

Mai gabatarwa: Kuma kada in ji ance an sa sufa gulu a fuska, da fata yake tashi. Ga wasu biyu da zan haɗa don duk faɗa zan yi. Ɗaya tace ta ji ana yin tabon ƙarya da ruwan roba, ko nonon tumfafiya, ushar, zai yi tunda shima fari ne mai danƙo? Ɗayan yace zai fasa batir ya ɗebi baƙin ciki ya shafa wa yara a fuska, ko ya yi musu zane da baƙar sibga ta lalle.

Malama: A'a, duka ukun a'a. Nonon tumfafiya dafi ne, ɗigo ɗaya a ido yana iya dusashe gani na kwanaki, yana kuma ƙona fata. Baƙin batir sinadari ne ba gawayi ba. Sibgar dutse kuwa likitocin ƙasar nan sun sha ganin ɓarnarta, tana sa fata ta kumbura ta yi ƙuraje, in yaro ya haɗiya kuma tana toshe maƙogwaro ta taɓa ƙoda, rai ake rasawa. Baƙin fuska a daka gawayi yayi laushi a kwaɓa da man shafawa na bazalin, fari kuma sitaci da man. Tabo a kwaɓa fulawa da bazalin kaɗan a mulmula a ɗora a shafa ruwan karkaden nan. A fara gwadawa a hannun yaro kafin fuska.

Mai gabatarwa: An ji ko. Sai Jidda, wata 'yar uwa tace su can kaya akwai a shagunan kayan karatu amma ita yara da yawa take wa kayan walimar makaranta, aljihu ba zai ɗauka ba, kuma rawanin sarauniya da ta liƙa da bindigar gam ta barshi a mota da rana ta dawo ta tarar ya warwatse. Hajiya ai gam ɗin da zafi ake narka shi, motar da aka rufe a ranar Jidda kuwa ba sai na faɗa miki ba, ki koma ɗinki da siririyar waya. Yadi kuma ki tambayi gidajen 'yan uwa tsofaffin haramin da aka gama Umra dasu, fari ne mai kauri yana karɓar rini, ki leƙa kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarik wajen tsofaffin labule, labule mai ruwan zinare alkyabba ce ta sarki in aka sa mata hula. Kwali kuwa bayan kowane baƙala, wato kantin kayan masarufi, a jibge yake.

Wani kuma daga Sinja yace wasansu akan halin da ake ciki ne, suna so su sassaƙa bindiga tayi kama da ta gaske sosai, kuma ina zasu samu kakin soja. Ɗana ka saurare ni da kyau. A wannan lokacin ba'a yawo da abinda yayi kama da bindiga, ba'a sa kaki ana bin titi, wanda ke shingen bincike ba zai tsaya tambayarka ko wasa kuke ba, daga nesa zai ganka. Na sake faɗa, ba'a yawo da shi. In dole ne a yi ta da kwali a wajen wasan, a yi mata fenti da gangan yadda kowa zai ga ta wasa ce, a sanar da masu unguwa, a gama a yayyaga ta a nan. Sojan kuma baƙar riga da ɗamara da tafiyarsa sun isa mutane su gane waye.

Saura minti ɗaya, da gudu. Mai neman ƙarar tsawa, ka girgiza fallen kwanon rufi a bayan labule. Mai neman kayan amarya na zinare, murafun kwalba a buga su baje a naɗe da takardar alewa mai ruwan gwal, ko 'ya'yan dabino a huda a yi fenti. Mai tambayar hayaƙi a dandali, kaskon turare ya isa, kada a ƙona roba. Mai neman jan rini da baya zuba, in ka samu karan dafi irin na dukawa shine, ka jiƙa yadin a ruwan alif tukuna.

Baba: Ɗana ban gama maganar damur ba fa.

Mai gabatarwa: Baba mai kula da na'ura yana nuna min agogo tun ɗazu, damur sai mako mai zuwa, tare da wasiƙar masu neman yadda ake haɗa doki na mutum biyu da ta 'yan Kasala akan labulen dandali, duk suna nan ban yar ba. Malama mun gode, Baba mun gode Allah ya ƙara lafiya. Masu saurare a ci gaba da aiko da saƙo, a rubuta sunan gari don Allah. Wassalamu alaikum.